Ranar da Zoben Kaka Ya Dushe

"Lafiya ƙalau, sai dai ciwon ganinki," in ji tsohon, bai ko ɗago kai ba. "Wa ya mutu kika tuna da hanyar gidan nan?"

"Kai nake jira ka mutu in gaji tabarau, ka ƙi."

"Sai na binne ki tukuna. Shigo, amma kar ki taɓa min komai."

Haka suke gaisawa tun tana rarrafe. Shi kakanta ne na wajen uwa, tsohon maƙerin zinari. Da hannu ya fara rawa, ido kuma ya yi ƙasa, sai ya rufe shago ya kwaso teburin aikinsa ya kafa a bakin tagar ɗakinsa, kullum yana zaune yana goge hantsaki da magagarin da ba wanda zai kawo musu aiki. Ita kuwa mai kitso ce. Ƙyalli yake ce mata, don tana ƙarama duk abin da ya yi walƙiya a teburin nan sai an ƙwato shi daga bakinta.

Yau dai bakin Ƙyalli ne kawai ke wasa. Zoben marigayiya kakarta, matar tsohon, ne ya hana ta sukuni, zoben zinari mai shuɗin yakutu, wanda wasu 'yan farata huɗu ke riƙe da shi. Mamanta ce ta ba ta, da gargaɗin da ya fi zoben nauyi. Ya matse mata yatsa, shi ya sa ya daɗe a akwati. Wata uku da suka wuce ta faki ido ta kai wa wani maƙeri a kasuwa ya buɗa shi, ta shiga sa abinta kullum. Sannu a hankali dutsen ya dushe, har wata mai zuwa kitso, irin matan nan da ba a tambaye su ba suke ba da amsa, ta ce mata ai masu gyara musanya dutse suke yi da kwalba. Ga shi ranar Asabar za ta buɗe sabon shagonta, Mama za ta zo, kuma hannun za ta fara kallo. Tsoho ne ya ƙera zoben, shi kaɗai zai san gaskiya, amma Ƙyalli ta rasa bakin tambaya. Sai ta juya dutsen cikin tafin hannu, ta zo da wata hujjar.

Ta baje hankici a gabansa da hannun hagu. 'Yan kunne ne kala uku.

"Ƙawata mai kayan ado ta ce in gwada in zaɓi na ranar Asabar. Na ce bari in kawo wa makaho, tunda masu ido sun kasa."

"Kin kyauta. Wace riga za ki sa?"

"Ruwan toka mai duhu."

"Wato dai kalar fuskarki."

"Fuskar da ka bi layi a kanta aka kore ka?"

"Ni na fasa don kaina. Na ga yadda kike cin abinci, na ce wannan sai mai gona."

Ya laluba ya ɗauki na farko, wasu jajaye manya, ya kai su dab da hancinsa.

"Wannan ai fitilar bayan mota ce. Ki sa ki tsaya a bakin titi, duk direban da ya hango ki sai ya taka birki."

"Ƙauyanci dai. Shi ake yayi."

Ya ɗora ɗaya a leɓensa na ƙasa, ya ɗan jira, ya ajiye.

"Kwalba ce. Dutsen gaske in ya taɓa leɓe sanyi yake yi, kuma ya kan jima bai ɗauki zafin jiki ba. Wannan tun kafin mu gaisa ya yi ɗumi."

"Shi ne za ka lashe wa mutane kaya?"

"Da leɓen nan na ciyar da uwarki har ta girma ta haifo mana fitina."

Ya ɗago na biyu, koraye masu tsawo suna reto.

"Kunnen da ko magana ba ya ɗauka, shi zai ɗauki wannan kayan? Matso bakin taga. Ba a zaɓen dutse a hasken kwan lantarki, ba a kuma zaɓensa a kan hankici. A jikin fatar mai shi ake dubawa."

Ta matsa, ta kara ɗaya a kumatunta, ta leƙa ɗan madubin da ke rataye a bango. Ita ma ta ga bai karɓe ta ba, amma ta rantse ba za ta faɗa ba.

"Ya yi min kyau."

"Ya yi, in asibiti za ki. Kin fito sak mai zazzaɓi."

"Kai da ba ka gani?"

"Shirun da kika yi na gani."

Na ukun farare ne ƙanana. Ya juya su a hannu, ya ce ba su da laifi, ba su kuma da labari.

"Ji nan, Ƙyalli. In za ki yi ado, dutse ɗaya za ki bari ya yi magana, sauran su mara masa baya. Ke kuwa kina da zoben kakarki, shi ne babba, ɗan kunne binsa zai yi. Kawo hannun in haɗa su in gani."

Ta ɓoye hannun a bayanta.

"Hannuna da mai."

"Tun da kika shigo kike aiki da hagu kamar wadda aka yi wa allura. Idona ne ya tafi, hankalina yana nan. Kawo."

Ba yadda za ta yi. Ta zare zoben ta sa masa a tafi. Bai kalli dutsen ba, bayan zoben ya shafa da babban yatsa, ya je ya dawo, ya tsaya wuri ɗaya.

"An yanka nan, an yi ƙari, an liƙe. Wa ya taɓa min aiki?"

"Wani ne a kasuwa. Ya matse ni ne."

"Wato kina da miji maƙeri a gida, kika kwashi ƙafa kika tafi wurin wani ƙato. Na sake ki."

"Dama auren yunwa nake yi." Ta so ta yi dariya, ta kasa. "Hannunka na rawa, Tsoho. Shi na ji tsoro."

Maganar ta soke shi, ta gani da idonta, ta kuma yi da-na-sanin faɗa. Ya dubi hannun nasa a kan tebur, yana karkarwa abinsa ba ruwansa da kowa.

"Yana rawa," ya ce. "Gaskiyarki. Mutumin kuma ya iya liƙi, ba zan ci haƙƙinsa ba."

"Ba liƙin ne ya kawo ni ba. Dubi dutsen. Ya mutu. Tun da na karɓo shi yake dushewa, an ce min musanyawa suke yi. In na Kaka ya tafi, da wane ido zan kalli Mama? Shi kaɗai ta bari da za a riƙe a hannu."

Hawayen da take riƙewa tun safe suka zubo. Tsoho ya yi kamar bai ji ba. Ya juya zoben, ya kai hancinsa ta ƙarƙashin dutsen, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Da shi kike kitso?"

"Ba na cirewa, kar ya ɓata."

"Kan mutum nawa kike taɓawa a yini?"

"Biyar, wani lokaci shida."

"Wannan ba mutuwa ba ce, ƙazanta ce. Man kan garin nan kaf yana bayan dutsen nan. Da a ce za a matse shi, da an soya ƙwai. Tashi ki kawo ruwan ɗumi da sabulu, akwai tsohon buroshin haƙori a gwangwanin can."

"Naka ne? Ai kai ba ka da abin gogewa."

"Shi ya sa ya zauna sabo. Yi sauri."

Ta kawo. Ya sa ta jiƙa zoben, ya hana ta taɓawa sai da ruwan ya fara hucewa, sannan ya ce ta bi ta baya, ta 'yar ƙofar da aka bari a ƙarƙashin dutsen.

"Ta nan yake shan haske. Kin toshe masa taga, kina cewa ɗaki ya yi duhu. A hankali, ba tukunya kike kankarewa ba."

Wani baƙin maiƙo ya riƙa fita yana yawo a saman ruwa, ita kanta sai da kunya ta kama ta. Ta ɗauraye, ta goge da gefen hankici, ta ɗaga a bakin taga. Shuɗin ya farka. Har wani ɗan haske ya faɗo a bayan hannunta yana motsi. Ta sauke ajiyar zuciya, amma ba ta kai ƙasa ba ta tsaya.

"Ai kwalba ma in an wanke ta tana ƙyalli."

Ya karɓa ya ɗora a leɓe.

"Sanyi ƙalau. Dutse ne."

"To ko da dutse ne, ta yaya zan san na Kaka ne?"

Nan Tsoho ya shiga gyara zama. Ya sosa ƙeya, ya matsar da hantsaki daga dama zuwa hagu, ya mayar da shi. Ƙyalli ba ta taɓa ganinsa yana kame-kame ba. Can ya jawo aljihun tebur, ya miƙa mata zoben da ɗan gilashin nan na ido ɗaya da yake duba aiki da shi.

"Ungo, ke ce mai ido. Faratan nan duk ɗaya suke?"

"Ɗaya ya fi ƙiba. Tun da can haka yake."

"Karkata shi ga haske, ki duba gindin mai ƙibar. Me kika gani?"

Ta runtse ido ɗaya, ta daɗe tana nema.

"Akwai ɗan ɓalli. Kamar an gutsiri gefen, rabinsa ya shige ƙarƙashin farcen."

"To na kakarki ne. Duk duniya ba wanda zai musanya dutse ya kawo mai wannan tabon."

Ta zauna a bakin gado. Daɗi ya rufe ta, sai hamdala take yi tana sharar fuska da bayan hannu. Sai da numfashinta ya dawo daidai sannan tsiyar ma ta dawo.

"Tsaya. Kai ya aka yi ka san da tabon?"

"Sana'a ce."

"Tsoho."

"Ni na yi shi," ya ce da bango. "Ina saurayi, saura kwana biyu in kai mata. Ina danna farcen ƙarshe, hannuna ya zame, na ji ƙas. Ba ni da wani dutsen. Na kwana biyu ina zufa, na ƙera farce mai faɗi na rufe wurin. Shekara hamsin da ɗoriya ba wanda ya sani, har ta koma ga Allah ba ta sani ba."

"Au, ashe rawar hannun tun ta samartaka ce? Ni da nake tausayin tsufa."

"Waccan rawar ta so ce, ke me kika sani?"

"Babban maƙeri, mai leɓen zinari. Bari Mama ta zo ranar Asabar, a gaban baƙi zan ba da labari."

"Ni kuma in ce kin kai zoben uwarta kasuwa a ɓoye, kin kuma yi masa wanka da man kitso."

"Ni wata uku na ɓoye. Kai fa?"

Tana dariya tana shafa farcen mai ƙiba da babban yatsa, sai ta ji ya fi sauran santsi, ya siɗe kamar bakin tsohon cokali. Dariyar ta tsaya. Ta tuna Kaka a zaune tana tsefe mata kai, in ta huta sai ta riƙa murza daidai wannan wurin, tana murmushi ita kaɗai.

"Tsoho, ka ce ba ta sani ba?"

"Ko a mafarki."

"Na taɓa tambayarta me ya sa wannan ya fi 'yan'uwansa ƙiba. Ta ce, 'Nan kakanki ya ɓoye kunyarsa, shi ya sa na fi son wurin. Kar ki gaya masa, zai daina cika baki, ni kuwa cika bakin nasa nake so.' Lokacin ban gane ba."

Tsoho ya miƙo hannu, ta sa masa zoben. Ya shafa farcen, ya ji santsin da ba magagarinsa ne ya yi ba. Ya daɗe a haka. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, dariya ta ƙwace masa, ya cire tabarau yana goge ido da hannun riga.

"Shekara hamsin matar nan tana kallona ina fankama."

"Har da ni a 'yan kallo yanzu."

"Kun ci ni, ke da ita."

Ya jawo wani ƙaramin gwangwani daga can ƙuryar aljihun tebur, ya buɗe, ya warware auduga. 'Yan kunne ne ƙanana na zinari, kowanne da ɗigon shuɗin dutse.

"Na ƙera su ne su bi zoben. Ta ce sun yi mata yarinta, in ajiye wa mara kunyar da za ta zo daga baya. Mayar wa ƙawarki fitilun motarta. In kuma za ki taɓa kan mutane, ki cire zoben ki rataya a sarƙa."

Ƙyalli ta mayar da zoben a yatsa, ta kara ɗaya a kumatunta a bakin taga, ta ɗaga hannun mai zobe kusa da shi. Wannan karon ma shiru ta yi.

"Sun karɓe ki," in ji Tsoho.

"Ka mayar da auren ke nan?"

"Sai na duba su da gilashi tukuna," ya ce, yana ƙoƙarin karɓewa. "Kar a je su ma akwai abin da na ɓoye na manta."