Jan Rubutu a Rijiyar Makiyaya

Kwanciyar hankali a wurin aiki abu ne da wasu ke shekaru suna nema. Wani mutum a Gagarawa Tasha ya same ta da layi biyu na Python, yaren da ake ba kwamfuta umarni da shi.

Shi ƙungiyar makiyaya ta ɗauka ya kula da kwamfutar rijiyar burtsatsensu mai aiki da sola. Ya rubuta babbar manhaja, ita kuma takan tayar da wata ƙarama ta duba injin, abin da ta gano ta zubo shi a allo. Wata safiya allo ya cika da jan rubutu: injin ya yi zafi, injin ya yi zafi.

Alhaji Haladu, shugaban ƙungiyar, ya leƙo ya dafe kai.

"Kai, wannan jan fa? Gobe baƙi za su zo daga Gumel. In sun ga muna riƙe da wannan da kyau, za su ƙara mana rijiya. So kake su tarar da allo kamar an yanka rago a kansa?"

"Yanzun nan, ranka ya daɗe."

Sai mutumin ya umarci babbar manhajar cewa duk abin da ƙaramar ta faɗa, labari ne ko kuka, a juya shi cikin fayil. Allo ya yi fes.

"Ka gyara?"

"Ya yi shiru dai, ranka ya daɗe."

Alhaji ya ga wannan ma amsa ce.

Washegari baƙi suka zo, suka tsaya gaban allo suna yaba tsabtarsa. Ana cikin haka Ɗantala makiyayi ya shigo da sandarsa, shanunsa a waje sun kewaye busasshen kwami suna kuka.

"Malam, ruwa babu, kuma ƙauri nake ji ta wajen injin."

Mutumin ya gyara zama ya buɗe fayil gaban kowa. Injin ya yi zafi, injin ya yi zafi, layi kan layi tun jiya, da za a shimfiɗa shi da ya wuce Maigatari ya shiga Nijar. Ya yi ta gungurawa, baƙi na kallo. Layin ƙarshe ya ce injin ya huce.

"Kun gani!" in ji shi, har da murmushi. "Ya huce da kansa."

Ɗantala ya jingina da sandarsa.

"Haka bijimina ya huce bara. Fatar kaɗai muka samu."