Zakaran Sadaki

"Ina kwana, amaryata? Ya na ga fuskar nan kamar na hana ki cefane?"

Haka Kafinta ya faɗo gidan kakarsa da safen nan, fensir maƙale a bayan kunne, yana washe baki. Ni maƙwabciyarta ce, ina shanya a jikin katanga, kuma Allah ya sani ba gulma ta kai ni ba, katangar ce gajeriya.

Kaka tana tsugune a bakin akurki, budurwar kazarta kwance a gabanta, ta sandare. Jiya da yamma a gabana kazar nan ta kori 'yan uwanta daga kaskon dusa. Yau ga ta, ba jini, ba rauni, ko gashi ɗaya bai tuge ba. Abin ya dame ni, domin tun da mijinta ya rasu 'ya'ya suka watse, kajin nan su ne abokan hirar Kaka. Da su take faɗa, da su take shiryawa. In ciwo ne ya shigo, to gidan zai koma shiru.

"Zo ka ga aikin sadakinka," in ji ta.

Kwanan baya ne ya sayo wani jan zakara a kasuwa, ya ce sadakinta ne tunda ta nace sai shi za ta aura. Ya kwance masa ƙafa, ya sake shi cikin kaji nan take, tsohuwa tana ta rangaɗa guɗa. Dariya ta hana kowa tuna cewa baƙon kaza ware shi ake yi tukuna.

"Zakarana? Wannan da ya fi ki lafiya? Surutunki ne ya kashe ta. Ni da nake mutum ma in na zauna kaina sarawa yake."

"Ji miji. Ƙofar da ka yi min har yau sai da kafaɗa take rufuwa. Ko zakara ba ka iya zaɓe ba, ka kwaso min ragowar kasuwa."

"Ai daidai amaryar na zaɓo. Ko dai girkinki ta ɗanɗana?"

"Girkin da kake suɗe kwanonsa har ƙasa? Da yana kisa da tuni na yi takaba na huta."

Bakinsa na zuba, amma hannunsa na juya kazar. Ya buɗe bakinta, ya duba ƙarƙashin fiffike. Ya tambaya ko an sa maganin ɓera, ko ta ga sawun maciji, ko an canza dusa. Duk ta ce a'a, kuma kowace a'a sai ta fi ta baya sanyi.

Sai ta ɗebo tsaki ta watsa, tana kiransu da harshe. Kaji suka rugo suna ture juna. Zakaran nan kuwa yana can gindin randa, ya noƙe wuya, ido a lumshe.

"Gajiyar biki ce," in ji Kafinta. Wallahi ko shi bai yi dariya ba.

Ya kira likitan dabbobi a waya. Likita ya ce ba zai yanke hukunci ba sai ya gani, kuma sai yamma zai samu zuwa. Kafin nan a ware zakaran, a binne mushen da zurfi, a wanke kaskon ruwa da na dusa. Ko sauran sun ɗauka? Ya ce wannan sai an jira.

Kaka ta ce ya ɗauki sadakinsa, ta fasa auren. Ya ce to, zai kai shi gida. Ta galla masa harara, ta ce matarsa ta gaskiya tana da 'yan tsaki, so yake ya kashe aure biyu rana ɗaya? Dole ya kife zakaran da kwando can bayan banɗaki, ya ɗora dutse, sannan ya ari fartanya a wurina ya shiga haƙa.

Tana zaune a kan turmi, idonta na bin kajin ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta tsaya cak sai Kaka ta miƙe rabi, sai ta ga ta ci gaba da tono sannan ta koma ta zauna. Da ya gama binnewa, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta ko kalle shi ba.

"In suka tafi duka, wa zan ce wa ina kwana?"

Kafinta ya jingine fartanya. Ya daɗe yana kakkaɓe ƙasar hannunsa.

"Laifina ne, Kaka. Na karɓa." Ban taɓa jin ya kira ta Kaka ba sai ranar. "In suka tafi, ni zan riƙa zuwa kullum da safe. Ki watsa min tsaki ki zage ni."

"Kai? Kaza ko ba komai tana ƙwai."

"Zan gwada."

Dariya ta ƙwace mata har da tari, ta goge ido da bakin mayafi. Ta matsa masa gefen tabarma da ƙafa, ta ce ya zauna ya kama mata kallon waɗancan na wajen randa, idonta ba ya kaiwa can.