Motar da na saya a ɓoye

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na toshe Ƙofar Kuyambana da motata ba, ga Baffa Sule a kujerar gaba, ga mutane can ƙauye suna jiran mu a ɗaura aure.

Ni maɗinkin manyan riguna ne a Limancin Kona. Na haura hamsin kafin Allah ya hore mini abin sayen mota. Da na yi niyya, ban gaya wa kowa ba, har da uwar 'ya'yana. Haka aka tashe mu: abin alheri ba a faɗar sa sai ya tabbata, saboda baki. To, ga Malam Idi bakanike, katanga ɗaya ce tsakaninmu, sahu ɗaya muke sallar asuba. Da na ce masa zo mu je, ko takalmi ba zai tsaya nema ba. Amma na ce a raina, in Idi ya ji, garejinsu ya ji, in gareji ya ji, birni ya ji. (Yanzu kam birnin ya ji, har da ƙarin gishiri.)

Na je wurin wani dillalin motoci a bakin titin Kaduna ni kaɗai, na sha hula da turare. Mutumin ya tarbe ni da Alhaji, Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba. Ban gyara masa ba. Ya nuna mini wata ruwan toka, ya ce wata likita ce ta yi amfani da ita, daga gida sai asibiti.

Sai na fara dubawa da ilimin da nake da shi. Na shafa kujerun, na bi ɗinkinsu da yatsa, zare bai tsallake ko sau ɗaya ba. Na shinshina cikin. Na ƙwanƙwasa ƙofa kamar mai sayen kankana. Da ya buɗe bonet, na leƙa, na ga injin yana ƙyalli, na gyaɗa kai kamar na gane, na ce ma sha Allah, mai ita tana da tsabta. Ya ce ko zan zaga da ita in ji tafiyarta? Ni kuwa sati biyu kacal na yi ina koyon tuƙi a bayan gari, ina tsoron in mutu a giya a gaban yaransa. Na ce babu buƙata, ai ido ma ya gani. Muka yi musafaha, aka sa albarka, direbansa ya kawo mini ita bakin lungunmu.

Kwana uku bayan nan aka sa ɗaurin auren ɗan yayana. Baffa Sule, ƙanen mahaifinmu, shi ne waliyyin ango, in bai je ba babu mai karɓar aure. Da ma an shirya zai bi motar haya da sauran dangi. Ni na shiga na fita na ce ina, ga mota a gida, Baffa ba zai matsu da kowa ba. Na sa shi gaba, 'yan'uwana uku a baya, huhun goro a but.

Tun daga unguwa na ga wata allura a gabana tana hawa sama. Na ɗauka alamar ƙarfi ce. Muna shiga tsakiyar ƙofa, motar ta yi tari biyu, ta tsaya, farin hayaƙi ya turnuƙe gilashi. 'Yan keke gaba da baya suka dage da oda. Wani mai kurar ruwa ya tambaye ni ko zan sayi jarka ɗaya. Baffa kuwa sai jan carbinsa da ya ƙara sauri.

'Yan'uwana suka fito da manyan riguna, suka naɗe hannu, suka tura. Muna cikin haka sai ga Malam Idi a kan babur, shi ma ɗaurin auren za shi. Ya zaro ƙarfen auna baƙin mai, ya nuna mini. Abin ya yi fari kamar kunun gyaɗa. Ya ce ruwa ya daɗe yana shiga mai, an dai wanke injin ne don kar a gani.

"Malam Garba, wa ya duba maka ita?"

"Ni na duba."

"Me ka duba?"

Baffa ya leƙo ta taga ya ce, "Faɗa masa mana, ai ka faɗa mini a hanya. Ɗinkin kujeru."

Har mai kurar ruwa sai da ya yi dariya.

A bayan babur ɗin Idi Baffa ya tafi, dattijo mai shekara tamanin, yana riƙe da rawaninsa da hannu ɗaya, goro a cinya. Sun isa bayan an yi kusan awa ana jira, dangin amarya har sun fara tambaya ko lafiya. Sanƙiran wurin kuwa, da ya tashi ba da haƙuri, bai rage komai ba, da lasifika ya ce motar ƙanen uban ango ce ta yi gardama.

Na koma wurin dillali. Ya karɓe ni hannu biyu, ya tuna mini cewa shi ya ce in zaga da ita na ƙi, kuma an riga an sa albarka. Gaskiyarsa ce.

Don haka duk mai shirin sayen motarsa ta farko, ya ɓoye wa wanda zai ɓoye wa, amma ban da bakanike. Ya je da shi, a tayar da ita da sanyin safiya, a yi tafiya mai ɗan nisa, kuma in bai iya tuƙi ba ya faɗa, kunyar ta minti ɗaya ce.

Idi ya gyara mini motar, ta yi mini shekaru. Amma har Allah ya karɓi Baffa, duk lokacin da na tsaya zan rage masa hanya, sai ya sa mini albarka, ya ce in wuce kawai, yau sauri yake yi.