Rasuwar Jar Wutsiya a Gindin Tsibiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Aulis Karvonen nake sanar da 'yan'uwa da abokan zaman kamun kifi a kan ƙanƙara rasuwar ƙugiyata ta kamun kifi, wadda ƙauyen nan namu na Savo ya sani da Jar Wutsiya. Ta rasu ranar Asabar da hantsi a ƙasan tafki, bayan gajeruwar jinya a hannuna.

An haifi marigayiya a rumfar itacena, shekarar da aka yaye 'yata Sirkku. Asalinta cokalin kofi ne na gidan surukaina. Ni na yanke ta, na daddake, na goge da zarto har ta yi siffar ɗan kifi, na narka dalma na cika mata gefe guda, don in ta nutse ta riƙa tangaɗi kamar mara lafiya. Jan ulun da ke wutsiyarta daga safar hannun matata Helmi na warware shi, kuma har Helmi ta bar duniya ba ta yafe mini safar nan ba.

Marigayiya ba ta taɓa neman a maƙala mata tsutsa ba. Ba ta ƙorafin sanyi. Ranar da masu ƙugiyoyin kanti suke komawa gida hannu rabbana, ita ke sa a dafa miyar kifi a gidana. Ba ta da surutu, iyakarta ƙis-ƙis a cikin gwangwanin taba in ina tafiya, sai tsulum in ta faɗa ramin da muke hudawa a ƙanƙarar tafki.

Ga yadda ajali ya zo. Kowa a nan ya san gumaguman da suka nutse tun zamanin da ake tura katako ta ruwa suna kwance a gindin tsibiri, kuma a kansu kifi ke taruwa. Shi ya sa kowa ke da ƙullinsa a jikin zare: yatsa ya ji ƙulli, sai a tsaya, kada ƙugiya ta kai ga gumaguman. Sai ga mijin Sirkku, Jarkko, mai taimakon da ba a roƙe shi ba. Ya zo hutu, ya ga zarena ya tsufa, ya sake mini sabo a ɓoye don ya burge ni, ya naɗe yadda ya same shi. Ranar Asabar na yi ta sakin zare, yatsana na jiran ƙulli, ƙulli bai zo ba. Na ji ta kama gungume. Na durƙusa a bakin rami ina lallashi, in ja in saki, har gwiwoyina suka mutu. Kalmarta ta ƙarshe ita ce tas, zare ya tsinke.

Ta rasu ta bar gwangwanin taba, da guntuwar sanda, da ƙanne biyu da ba su taɓa kama ko tsinke ba, sai ni.

Na gode wa masu ta'aziyya, har da waɗanda gara da sun yi shiru. Maƙwabcina Urpo, da ya daɗe yana jin zafinta, ya kaɗa kai ya ce, "Sai haƙuri, tsoho. Yanzu ma ga ko kai ne gwanin ko cokalin." Jarkko ya ce, "Baba, kanti cike yake da irinta fa, gobe zan kwaso maka." Amma ta Sirkku ce ta fi ci mini rai. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Haba Baba, ai sai ka ƙera wata." Alhali ita ke goge teburi kullum in kofi ya zube daga hannuna. Ta san hannun nan ya daina riƙe zarto, kuma ni ban iya kamu da abin da wani ya ƙera ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, a bakin ramin, ba gawa. Akwai kofi da tsiran alade a wuta. Ba a nemi Urpo ya yi jawabi ba. Jarkko na iya zuwa, amma ya bar ledar kantinsa a mota. In an watse, za a tarar da zartona da guduma da sauran dalma a bakin tafki, mai so ya ɗauka. Baɗi in tafki ya daskare, kada kowa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.