Ƙwai na Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara mutane a tsakar gidanmu na Unguwar Sanusi don su kalli ƙwai ba. Ƙwan ma na kunkuru.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da wani kunkuru zabiya, fari sol, mai jajayen idanu, wanda ba ya shiri da rana. Da la'asar Baba zai zauna a bakin rijiya yana tsinka masa ganye, yana yi masa hira kamar abokin majalisa. Bayan rasuwar Baba kunkurun bai jima ba shi ma ya bi. Ya bar 'ya'ya biyu, mace da namiji, waɗanda ya samu da wata kunkuru ta gama-gari, kuma dukansu ruwan ƙasa ne kamar uwarsu. Shekara da shekaru ina ciyar da su, amma duk la'asar in na dubi bakin rijiyar nan sai kewa ta kama ni. Inna ma da ta koma wajen yayata a unguwar Nasarawa, ba a gama hira da ita ba ta ce, "Da farin nan na Malam yana nan."

Ni tela ne. Cikin masu kawo mini ɗinki akwai Madam Ladi, malamar kimiyya daga Sabon Tasha. Ita ta gaya mini cewa farin bai ɓace ba, ɓuya ya yi a jinin 'ya'yan. Kowannensu yana ɗauke da rabi, in rabi biyun suka haɗu a ƙwai ɗaya sai zabiya ya fito. "Ɗaya cikin huɗu ne, Malam," in ji ta. Ta ƙara bayani mai tsawo, amma ni (da na rabu da lissafi tun a ƙofar sakandare) wannan kaɗai na ƙulle a bakin zani.

Da macen ta yi ƙwai, gafiya ta tona ramin ta yi ɓarna, ta bar mini guda huɗu cif. Na ce to, ai ishara ce. Na sa su cikin yashi a baho, na yi watanni ina leƙe. Na farko ya ƙyanƙyashe, ruwan ƙasa. Na biyu haka, na uku ma haka. Mai hankali zai fara damuwa, ni kuwa murna na kama yi: uku sun wuce, saura na Baba.

Da safen da na huɗun ya tsage, na ba da aikin waina, na aro benci, na sanar da 'yan majalisarmu, na tura a ɗauko Inna a Keke mai ƙafa uku. Ta iso sanye da atamfar da ba ta sawa sai biki. Na zaunar da ita dab da bahon, don idanunta sun fara rauni.

Madam Ladi tana shigowa ta ga bencina, sai ta ja ni gefe. "Malam, me ka gaya wa mutanen nan?"

Na zayyana mata lissafina. Ta rufe baki da hannu.

"Haba, Malam. Ai ƙwai bai san abin da 'yan'uwansa suka yi ba. Kowanne da nasa rabon daban. Kana iya samun goma a jere babu fari ko ɗaya."

"Madam," na ce, har da gyara hula, "ke fa kika ce ɗaya cikin huɗu. Ga huɗu."

Wajen la'asar ɓawon ya buɗe, ɗan kai ya leƙo, sannan sauran jikin. Ruwan ƙasa ne, har ya fi 'yan'uwansa duhu. Sai wani daga baya ya ce, "Ko sai an wanke shi?" Wasa yake yi. Ni kuwa (Allah ya yafe mini) na ɗebo ruwa a buta, na jiƙa tsumma, na durƙusa ina goge ɗan kunkuru a gaban jama'a. Maƙwabcinmu Alhaji ya ce, "To, Allah ya raya," dariya ta ɓarke. Na so ƙasa ta tsage in shige, ba don dariyar ba, sai don na kasa ɗaga kai in dubi Inna.

"Miƙo shi nan," in ji ta.

Ta ɗora shi a tafin hannu, ta kai shi kusa da fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"Ku huɗu na haifa wa Malam," ta ce. "Kowane ciki ina roƙon Allah a ɗauko wushiryarsa, ba wanda ya ɗauko." Ta share ido da gefen mayafi. "Amma ni ban taɓa tara unguwa ba."

Ranar na koyi cewa ɗaya cikin huɗu ba alkawari ba ne, kuma kewa ba ta iya lissafi. Bana macen ta sake yin ƙwai. Ban gaya wa kowa ba sai Inna, ita ma don ita ta fara tambaya.