Zanen da ba shi da kai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tafi Lyon in nuna wa Faransawa na iya Hausa.

Da na zo karatu Faransa daga Damagaram, gidan wata Hajiya na sauka a Bobigny, kusa da Paris. Autarta Hadiza ba ta da aiki sai zane. Daga baya labari ya zo cewa ta bar gida, yanzu sunansa Hadi, yana rayuwa a matsayin namiji, dangi kuma sun ɗauke ƙafa. Da ya gayyace mu nunin zanensa, ni kaɗai na hau jirgin ƙasa (in faɗi gaskiya, son ganin ƙwaƙwaf ne ya kai ni, ba zumunci ba).

Babban zanen da ke tsakiyar zaure ƙirjin mutum ne mai tabon tiyata biyu, an yafa masa babbar riga, daga wuya zuwa ƙugu. A ƙasa an rubuta KAI. Wasu Faransawa suna ta tambayar ma'anarsa, ni kuwa bakina ba ya ajiye magana. Na gyara tsayuwa na ce musu ai kai shi ne inda ake ɗora hula, kuma mai zanen ya yi kuskure tunda babu kai a zanen. Har na ƙara da cewa yaran da aka haifa a nan, Hausarsu ta cefane a kasuwar Château Rouge ce.

Sai na ji an ce, "Yaya, sannu da zuwa."

Na juya, ga saurayi da ɗan gemu. Idanun na gane. Bakina ya riga hankalina.

"Ke! Hadiza! Haka kika koma?"

Murmushinsa ya ɗauke. A hankali ya ce, "Yaya, ba kan da ake ɗora hula ba ne. A Faransanci kowa 'tu' ne, mace da namiji. Ni 'kai' ɗin da ake ce wa namiji nake jira wani na gida ya ce mini, ko sau ɗaya. Shi ya sa na yi murna da ka zo."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, abin da ya fito kawai shi ne, "Kai!"

Ya yi dariya, idonsa cike da ƙwalla. "To, na karɓa a haka."

Sai da ya raka ni tasha na iya ce masa "ka huta lafiya" da niyya. Tun daga ranar, in mai abu yana kusa, ba na yi masa tafinta.