Cajar Keken Surukata

"Duk garin Gympie babu mai hannuna a harkar lantarki!" Haka na faɗa wa abokaina a kulob ina bugun ƙirji, ni da ko ƙwan fitila ba na canzawa sai matata Noelene ta riƙe mini tsani tana ba ni umarni.

Surukata Beryl, da muke zaune gida ɗaya, shekararta tamanin da biyu, da keken lantarki na tsofaffi take yawo. Ranar Asabar ƙarfe goma za ta buga wasan ƙarshe na gasar gangara ƙwallo a kan ciyawa, a kulob ɗinmu da ke kan tudu, kofin da ta yi shekara goma sha ɗaya tana hari. Wanda ya makara kuwa an cire shi.

Cajar kekenta tana da maɓallin murɗawa mai ƙara wuta ko rage ta. Na ce wannan ai ƙauyanci ne. Na ɓalle shi, na liƙa wata 'yar na'ura da dalma a gurbinsa, wadda ake sarrafawa daga wayar hannu.

"Desmond, ina maɓallina?"

"Yana kwandon shara, Mama. Zamani ya zo."

"Zamanin da ya biyo ta hannunka tsoronsa nake ji."

Juma'a da yamma na ƙure wutar ta waya, na tafi kulob cika baki. Ashe 'yar banzar na'urar mantuwa gare ta, da wuta ta ɗauke sai ta koma can ƙasa. Noelene kuwa ta zare cajar ta yi guga, ta mayar. Batir ya kwana yana lasar wuta kaɗan-kaɗan.

Da safe Noelene ta tafi aiki da motar. Mama ta hau kekenta ta nufi kulob, ni kuma ina biye da ita a ƙasa, har da ɗaukar bidiyo don shaida. A tsakiyar hawan tudun kulob keken ya tsaya cak. Goma saura kwata.

"To injiniya, danna wayar mana."

Na danna, na sake dannawa. Ko motsi.

"Sa ta a aljihu ka tura keken!"

Jama'a, na ji kunya, na kuma ji jiki. Silifas ya tsinke, gumi har cikin ido, ita kuma tana ta "Ƙara wuta, malalaci!" Muka shiga saura minti biyu, abokaina jere a baranda suna kallo.

Clive, babban ɗan tsokanarsu, ya ce, "Beryl, yaya sabuwar fasahar?"

"Madalla da ita! Ba ruwanta da maɓalli, tsawa ɗaya za ka daka mata ta ƙara gudu." Sai ta waiwayo. "Desmond, kar ka yi nisa. Akwai komawa gida, kuma da kofi za mu koma."